Ɗaya Bisa Biyu da Hausar Mutane

Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa zama a aji ba, amma har yau ban ga wanda ya kai ta iya raba abu ba. Tela ce. A ɗakinta take ɗinki, a gidanmu na Kwaciri, keken yana jikin taga don ta samu haske. Idan aka kawo mata yadi sai ta kama bakinsa biyu ta haɗe, ta ce rabi ke nan. Ta sake ninkawa, ta ce rubu'i. In ta ninka shi gida uku ta ce sulusi, in ta ninka sulusin biyu ta ce sudusi. A bakin mahaifinta ta tsinci waɗannan sunaye tun suna can gabas, kafin su dawo Kano. Malami ne da ake kira idan za a raba gado, ita kuma tana kai masa ruwa zaure tana kasa kunne. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta san yadda ake rubutawa ba. Kayan awonta biyu ne, sandar yadi irin ta 'yan Kantin Kwari, da wata farar igiya da take ƙullewa daidai tsawon hannun mai ɗinki ko faɗin ƙugunta.

Ni kuwa a lokacin ina aji shida, na zo ta biyu a jarrabawa, kaina ya kumbura har ɗankwali ba ya zama. Ga ni da baki. Ko yau ba a raba ni da shi ba, amma na wancan lokacin ya fi kaifi, domin babu hankali a bayansa. Na ɗauka ni ce mai ilimin gidan. Idan wasiƙa ta zo ni ce mai karantawa, kuma sai na ja musu rai kafin in buɗe. Inna ce ta ɗaure mini gindi. Ko aron rariya maƙwabciya ta shigo, ba za ta fita ba sai ta ji labarin na zo ta biyu.

Cikin masu kawo mata ɗinki akwai wadda muke kira Malama. Kirista ce, 'yar wani ƙauye ta wajen Zariya, tana koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, a can kuma take zaune. Doguwa ce mai jiki, mai dariya da ƙarfi, tun daga soro ake sanin ta iso. Ita ta jawo wa Inna matan cocinsu, har ya zama duk ƙarshen shekara ɗakinmu cika yake da ankonsu na Kirsimeti, sai mun tsallake tulin atamfa kafin mu kai gado. Yaya take kiran Inna. In ta zo takan zauna a bakin gado su yi ta ɓarar gyaɗa suna hira, ta jefo mini tambayar karatu, ni kuma in yi ta rawar kai.

Wata Asabar da safe ta shigo babu dariyar nan. Mun san dalili, wata uku ke nan da rasuwar mahaifiyarta, Inna ma ta je mata gaisuwa har Sabon Gari. Ta ciro wata atamfa daga leda ta ɗora a kan keke. Turmi ne cikakke, yadi shida, shuɗiya mai zanen ganye, irin wadda aka daina bugawa tuntuni. A ƙasan akwatin tsohuwar aka same ta, ta ajiye ta shekara da shekaru ba ta ɗinka ba. Su biyu ne 'ya'yanta mata, Malama da ƙanwarta da ke aure a Kaduna. Sun shirya su raba, kowacce ta ɗinka ta sa ranar addu'ar tunawa da marigayiyar a ƙauye.

"Yaya, abin da zai ishe ni siket da riga kawai za ki cire," in ji Malama. "Sauran duk na ƙanwata ne. Ga shi na rubuta a takarda. Da la'asar za ta biyo ta karɓa, daga nan tasha za ta wuce."

Sauri take yi, ko zama ba ta yi ba. Inna ta karɓi takardar ta ce, "Ba komai, ki je kawai. Ai akwai mai karatu a gidan."

Bayan azahar Inna ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta warware atamfar, ta kira ni. Layi biyu ne a takardar. Siket, 1 da 1/2. Riga, 1 da 1/3. A satin nan aka fara koya mana haɗa irin wannan lissafi, kuma ranar da malami ya yi bayani ni ina can ina cacar baki da wata yarinya a kan wurin zama. Amma ko a jikina. Na gyara murya.

"Siket, yadi ɗaya da ɗaya bisa biyu. Riga, yadi ɗaya da ɗaya bisa uku."

Inna ta ɗago ta dube ni. "Mene ne kuma bisa? Faɗa mini da Hausar mutane."

Na san amsar. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma ba zan yi wa kaina ƙarya a kai ba. Na san ɗaya bisa biyu rabi ne, tun ina aji uku na sani. Kalma ɗaya ce, tana kan harshena. Amma na ga idan na ce rabi, Inna za ta kama bakin zane ta ninka, ta gama aikinta babu ni a ciki. Ni kuma so nake a buƙace ni.

Na ce, "Inna, ba za ki gane ba. Lissafin boko ne. Ki bari in haɗa miki."

Ta yi murmushi. Wallahi murmushi ta yi, irin na jin daɗi, ta ce, "To, haɗa mana, malama ƙarama."

Na juya bayan takardar na ɗauki fensir. Ɗaya da ɗaya, biyu, wannan babu gardama. Sai na zo kan guntayen. Na haɗa na sama da na sama, biyu. Na haɗa na ƙasa da na ƙasa, biyar. Na ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda ake yi a allo.

"Yadi biyu da biyu bisa biyar."

"Shi wannan guntun na bisa biyar, ya kai rabin yadi?"

"Bai kai ba. Ƙasa da rabi kaɗan."

Na ɗauki sandar yadi na raba ta biyar da ido, na ɗauki kashi biyu, na shata alli a jikin atamfar. Inna ta bi tsawon da tafin hannunta daga baki har wurin allin. Ta sake bi. Ta ɗauki almakashi, ta ajiye.

"Anya kuwa? Mace mai jikin Malama, a ce wannan zai yi mata siket da riga?"

Nan tsiwata ta motsa. "Haba Inna! Ita ta rubuta da hannunta. Malamar makaranta ce fa. Ko kin fi ta sanin jikinta ne?"

Ba ita ta rubuta biyu bisa biyar ba, ni na rubuta. Amma na laɓe a bayan sunanta, Inna kuma ba ta da hanyar da za ta gane inda rubutun Malama ya tsaya nawa ya fara. Ta yi bisimilla ta sa almakashi. Har yanzu ina jin ƙarar yadda ya bi tsohuwar atamfar nan, tana da kauri, sai da ta danna da hannu biyu. Da la'asar ƙanwar Malama ta zo, aka naɗe mata babban kason, ta yi godiya ta kama hanyar tasha.

Akwai ɗinkin biki a gaban Inna, don haka sai bayan kwana goma ta waiwayi na Malama. Na dawo daga makaranta na tarar da ita durƙushe a kan tabarma, ta shimfiɗa atamfar, igiyar awon Malama mai ƙulle-ƙulle tana hannunta. Ta juya zanen ta tsaye, ta juya shi ta kwance. In ta fitar da siket, riga ta rasa hannuwa da rabin baya. In ta fitar da riga, siket ya tsaya a gwiwa. Abin da ya ɓace ya kusa kamu guda. Tun daga bakin ƙofa na sha jinin jikina.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta yanko zare guda biyu, kowanne daidai tsawon sandar yadi, ta miƙo mini ɗaya.

"Zo ki nuna mini ɗaya bisa biyun nan a jikin wannan."

Na ninka zaren biyu.

"Rabi ke nan," in ji ta.

Na ce e.

Ta miƙo mini ɗaya zaren. "Ɗaya bisa uku fa?"

Na ninka shi gida uku.

"Sulusi."

Ta karɓe su, ta kwantar da rabin a jikin sandar yadi, ta ɗora sulusin daga inda rabin ya ƙare. Suka miƙe har suka kusa ƙarshen sandar. Ɗan abin da ya rage ta auna da yatsu ta ce, kamar da kanta take magana, "Saura sudusi ya cika yadi." Ni mai ta biyu a aji ina tsaye, na haɗa rabi da wani abu na samu abin da bai kai rabi ba, kuma ban ji komai ba. Ita ko minti ɗaya ba ta ɗauka ba.

Na jira faɗa, na jira mari. Da ta yi, da na samu sauƙi, domin na iya kuka kuma na iya kare kai. Sai kawai ta naɗe zaren a yatsa ta ce, "Da kin ce mini rabi."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan, a ranar da bayan ranar.

Ta aika aka kira Malama. Da yamma ta iso, ina ɗakin, na rakuɓe a gefen gado ina riƙe da littafin da ba karantawa nake ba. Inna ta shimfiɗa mata zanen ta nuna mata yadda abin yake. Malama ta daɗe tana kallo. Ta fita tsakar gida ta kira ƙanwarta a waya, ta dawo jiki a sanyaye. Telar Kaduna ta riga ta yanka nata, an ɗinke, ko ƙyallen kirki bai rage ba.

"Yaya, garin yaya? Ba na rubuta ba?"

"Kin rubuta," in ji Inna. "Ni na yanka. Almakashina ne, hannuna ne. Ki yi haƙuri, Malama."

"Ina takardar?"

Lissafina yana bayanta da fensir, har da layi biyun da na ja. Kuma na ga inda Inna ta sa ta, tana cikin aljihun keke tare da allurai.

Inna ta ce, "Takarda ba ta da laifi. Ki bar ta."

Malama ba ta yi zagi ba. Ta zauna a bakin gado, inda ta saba zama su ci gyaɗa, ta ɗauki atamfar ta kai hancinta, sai hawaye. Ta ce, "Abu ɗaya da ta bar mini da zan sa a jikina." Tsakanina da ita bai fi taku biyu ba. Ni da ba a taɓa gama magana a gabana ban sa baki ba, ranar bakina ya mutu. Ina jin tsoro kada Malama ta daina ganina a matsayin yarinya mai ƙoƙari. Abin da na tsaya karewa ke nan, uwata tana ba da haƙuri a kan laifina.

Washegari Inna ta ɗauki ɗan ƙyalle daga bakin atamfar muka shiga Kantin Kwari. Layi-layi muka bi, sama da ƙasa, tun hantsi har rana ta take. Duk wanda ta nuna wa sai ya murza ƙyallen da yatsa ya girgiza kai. Wani dattijo ya ce, "Hajiya, wannan ai ta tafi da zamaninta. Ko a kamfanin ba za ki samu ba." Ina biye da ita ina riƙe da jakarta, ƙafarta ta kumbura a cikin silifas, ba ta ce mini uffan ba sai da ta tambaye ni ko ina jin ƙishirwa. A ƙarshe ta sayi shuɗin yadi marar zane mafi kusa da launin, ta yi wa siket ɗin haɗi a ƙasa, ta yi hannuwan rigar da shi. Ta zuba duk iyawarta a ɗinkin nan. Amma haɗi haɗi ne, daga nesa ake ganinsa. Malama ta zo ta karɓa a tsaye, ba ta gwada ba.

Ba ta sake dawowa ba. A ƙarshen shekarar nan babu anko ko ɗaya da ya shigo daga Sabon Gari. Muka riƙa tafiya daga ƙofa zuwa gado ba mu tsallake komai ba, keken kuma yakan wuni a rufe da zane. Maƙwabta suka fara cewa idon Inna ne ya soma rauni. Ta bar su a haka.

Abu ɗaya ne ya canza tsakaninmu. Ba ta sake ba ni takardar awo in karanta ba. Duk wadda ta zo da rubutu sai ta ce, "Faɗa mini da baki, ko ki tsaya in auna ki da igiya." Amma yabon bai tsaya ba. In na ci jarrabawa, unguwa sai ta ji. Duk lokacin da na ji ta ce wa wata, "'Yar nan tawa akwai lissafi," sai in rasa inda zan sa kaina.

Sau ɗaya na gwada buɗe maganar. Lokacin na girma, ina kwalejin horon malamai, idonta kuma ya fara raunin da aka daɗe ana laƙaba mata. Tana fama da zare da allura, na ce, "Inna, atamfar nan ta Malama..." Ta miƙo mini allurar ta ce, "Zo ki sa mini zaren nan, ya ƙi shiga." Na karɓa na sa. Ta buɗe mini ƙofar gudu, ni kuma na bi da sauri, har ina jin daɗi a raina. Na ce wata rana zan zaunar da ita in faɗa yadda ya kamata. Shekara biyar ke nan da rasuwarta.

Yanzu ni ma malama ce, lissafi nake koyarwa a wata firamare a nan Fagge. Ranar da za mu fara wannan darasi ba na taɓa allo. Igiya nake rabawa, kowane yaro ya ninka, ya faɗa mini sunan abin da ke hannunsa da Hausar gidansu kafin in bari ya ce bisa. In na ga wata ta haɗa na ƙasa da na ƙasa, raina yakan tashi fiye da yadda laifin ya kai, sai na fita baranda na sha iska. Yaran sun ɗauka zafin rai ne kawai irin nawa.

Bara, gab da azumi, na shiga kasuwar Sabon Gari sayen kwanuka. Ina cikin ciniki sai na ji dariyar nan a bayana. Ta tsufa, ta rame, tana dogara sanda, amma dariyar ba ta canza ba. Na gaishe ta na faɗa mata ko 'yar wace ce ni. Ta riƙe hannuna da hannu biyu.

"Ke ce 'yar nan mai ƙoƙari! Ina Yaya?"

Na gaya mata. Ta yi mini gaisuwa, ta ce Allah ya ba ta hutawa. Mai kwanuka ya turo mata benci ta zauna. Sai ta ce, "Ki sani na yafe mata tuntuni. Ba da gangan ta yi ba. Ina ga ido ne ya fara ba ta matsala tun lokacin."

Wannan yafiya ita ta tunzura ni. A ce ana yafe wa Inna abin da ba ta yi ba, tana cikin kabari, ni kuma ina tsaye ina gyaɗa kai kamar wancan karon. Na durƙusa a gaban bencin, a tsakiyar kasuwa, masu kaya suna ratsa mu, na faɗa mata komai. Takardar, da fensir ɗin, da biyu bisa biyar. Na faɗa mata Inna ta tambaye ni Hausarsa na hana ta. Na faɗa mata ta ajiye almakashi ta ce anya, ni na sa ta ɗauka. Na faɗa mata ina ɗakin ranar da ta yi kuka.

Na zaci zan ji nauyin ya sauka. Malama ta saki hannuna a hankali. Ta daɗe tana kallon ƙasa, bakinta yana motsi, na gane lissafin take yi a ranta.

"Biyar bisa shida," ta ce. "Da ta nuna mini takardar, da a take na gani."

"Shi ya sa ba ta nuna miki ba, Malama."

Ta ɗago. Idonta ya kaɗa. "Kin san abin da na yi? Ba daina zuwa kawai na yi ba. Duk macen da ta tambaye ni tela, sai in ce kada ta kai wa matar nan ta Kwaciri, ba ta iya awo ba. A coci na faɗa, a makaranta na faɗa. Shekara da shekaru ina faɗa."

Ban sani ba. Na ɗauka matan da kansu suka janye. Na tuna keken nan a rufe da zane, da Inna zaune a gefensa tana tsince shinkafa da rana tsaka.

Malama ta dafa sandarta za ta tashi, ta kasa, ta koma ta zauna. Ta ce, "To yanzu wa zan je in ba haƙuri?"

Na ce mata ban sani ba. Na ce ni ma shekara huɗu ke nan ina neman wanda zan ba.